Kifin Lamba Sha Bakwai

Talata, 3 ga Satumba, 2024

An buga sunana! Da inji aka buga shi, baƙi wuluk, a ƙasan allon kifin da Nusaiba ta yi, kuma ni na karanta da idona, ba wanda ya taya ni: "Sunayen Hausa daga bakin Malam Cindo, masunci, gaɓar Wara." Sau biyar na karanta. A na shida idona ya kawo ruwa, na ce wa matata Asabe hayaƙin bandarta ne.

Ko Bismillah ban rubuta ba. To, Bismillahi.

Nusaiba jikata ce ta fari, ɗiyar ɗana Bilyaminu. Ita ta aiko da allon ta hannun Sule direba, a naɗe cikin leda. Babbar takarda ce mai sheƙi, in na tsayar da ita tana kai mini ƙirji. Kifi talatin da biyu na tabkin nan, kowanne da hotonsa da lambarsa, da sunan Turanci, da wani dogon suna na masana wanda harshena ya ƙi juyawa, sannan na Hausa. Na Hausan nawa ne. Wata huɗu ta yi tana zuwa duk Asabar da wayarta da littafinta, tana ɗaukar hoto, ina faɗa tana rubutawa. Ofishinsu na kula da kifi a Yelwa, inda aka ɗauke ta gwajin shekara guda, sun buga ɗari biyar. Za a raba wa makarantun firamare tun daga Shanga har Ngaski.

Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da bakwai, a kan bencin yara, gwiwata tana gaisawa da haɓata. Malam Usman, Allah ya ji ƙansa, yakan ce, "Cindo, yatsa shida gare ka, amma alli guda ya gagare ka." Ina ma yana nan.

Na kafe allon a zaure da ƙusa huɗu.

Laraba, 4 ga Satumba

Zaure bai huta ba yau. Duk wanda ya shigo sai na karanta masa: giwan ruwa, yauni, faliya, ƙurungu, karfasa, minjirya. Sai in sauko ƙasa a hankali kamar ban san abin da ke can ba.

Na kira mutuniyar tawa, Nusaiba. Ta ce, "Tsoho, na fito da kai duniya, saura sadakina." Na ce, amarya, sadakinki kan giwan ruwa, in na kama. Ta ce ashe za ta tsufa a gidan ubanta.

Juma'a, 6 ga Satumba

Ɗangana ya zo bayan masallaci, da mutum biyar a bayansa.

Gungu ɗaya aka haife mu ni da shi, tsibirin nan da yanzu yake ƙarƙashin ruwa tun da aka datse kogi. Tun muna tsirara muke ja-in-ja. Lokacin da na shiga aji shi ya ƙi, ya ce kifi bai san boko ba. Har yau bai iya rubuta sunansa ba, amma ido gare shi, ba zan hana masa wannan ba.

Ya daɗe tsaye gaban allon, hannu a baya. Can ya ɗora yatsa a lamba sha bakwai.

"Karanta mani wanga."

Na ce tarwaɗa.

"Sake dai."

Na ce tarwaɗa, ko kunnen ma ya tafi?

Ya ja yatsan zuwa kusa da wutsiya. "To wagga tsoka ta mi ce? Yaushe tarwaɗa ta fara ƙari?"

Na matso. Wallahi akwai ta. Ga duk wanda ya tashi a ruwa maganar ba ta da wuya: gezar bayan tarwaɗa ɗaya ce, tana tafiya ba yankewa har ta kai wutsiya. Ta ramboshi kuwa tana tsayawa a hanya, sai tsoka mai taushi marar ƙashi ta karɓa. Kifin da ke hoton gezarsa ta yanke, ga tsoka.

"Ramboshi na, Cindo," in ji shi. "Ko jinjirin tunga ya san shi. Ɗiyan mutane ɗari nawa za a koya ma ƙarya da sunanka?"

Suka yi dariya. Wani ya ce a bar Malam, karatu ne ya yi yawa.

Asabar, 7 ga Satumba

Na cire allon. Na mayar. Na sake cirewa, na naɗe, na ɗora kan rumbu.

Litinin, 9 ga Satumba

Na kira Nusaiba na ce sun musanya hoto a wurin bugawa. Ta ce bari ta duba littafinta. Ina jin ƙarar takarda. Ta ce a'a, lamba sha bakwai, ga ranar, ga hoton, ga abin da na faɗa, tarwaɗa. Wai ni na faɗa.

Ni?

Na ce mata shekara sittin ina cikin ruwa, ita kuwa ba ta san kifi ba sai a faranti. Na ce mai riƙe da waya ba ya rasa wanda zai ɗora wa kuskurensa. Na faɗi wata kuma da ba zan rubuta a nan ba.

Can ta ce, "To, Kaka."

Ba ta ce mini Kaka. Tun tana rarrafe Tsoho take cewa. Ta ji da shi.

Alhamis, 12 ga Satumba

Sun sa mini suna a bakin ruwa: Farfesa. Ina ɗaure jirgi wani ya ɗago kwaɗo ta ƙafa ya ce, "Farfesa, a taimaka, mi sunan wanga a littafi?" Har Uwani mai sarin kifi, wadda nake zaɓar wa masu kyau tun tana goyon fari, ta rufe baki da mayafi.

Ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba. Abu ɗaya Baba ya bar mini ban da jirgi. Ranar da ya fara fita da ni ya ce, "Kada ka kira sunan kifin da ba ka riƙe ba." Ido yana ƙarya, ruwa yana sauya launi, amma in ka bi bayan kifi da babban yatsa daga kai zuwa wutsiya, shi da kansa zai gaya maka ko wane ne. Da wannan aka san ni. Ko gardama aka yi a kasuwar Wara akan ce a kai wa Cindo ya shafa. Yau ga sunana ƙarƙashin ƙarya, sau ɗari biyar.

Ban da gona, ban da shanu. Sunan nan ne kaɗai.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na rubuta wa shugaban ofishinsu. Na kwafe ta a nan don kada gobe a ce na ce abin da ban ce ba.

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ni ne Cindo wanda aka sa sunansa a allon kifi. Sunan da ke lamba sha bakwai ba daidai ba ne, kuma ba daga bakina ya fito ba. Kuskuren mai rubutawa ne. Ina roƙo a gyara ko a cire sunana. Na gode."

Rubutun ya yi kyau, ba gogewa ko ɗaya.

Litinin, 16 ga Satumba

Asabe ta ga ina liƙe ambulan. Ta ce, "Malam, sauko mini da allon nan in ga hoton da ake ta rigima a kansa." Na ce ke da ba ki san bihim ba, me za ki gani? Ta ce, "Haka ne," ta koma wurin bandarta.

Na ba Sule wasiƙar.

Alhamis, 19 ga Satumba

Bilyaminu ya kira. Bai ko tsaya gaisuwa sosai ba.

Shugaban ya karanta wasiƙar a gaban ma'aikata. An dakatar da raba allon. An ba Nusaiba zuwa goma sha ɗaya ga Oktoba ta kawo sunan kifin na gaskiya da shaida, ta kuma bayyana yadda aka yi ta rubuta abin da ba a faɗa mata ba. In ba haka ba, gwajinta ya ƙare ke nan.

Ya ce, "Baba, da ka kira ni." Na ce wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Ya ce ba ta ci abinci ba tun jiya. Na ce ni ma ba na kwana da daɗi.

Ni ba korar ta na nema ba. Sunana na ce a cire. Ban san haka suke yi da wasiƙa ba.

Asabar, 21 ga Satumba

Zan kawo ramboshi da kaina, in shimfiɗa shi kusa da hoton, in aika mata ta kai musu. Suna dai suke so, ga suna. Kuskuren kuwa ta nemi gafara, yarinya ce, za su yafe.

Kwana uku ke nan ina zuba mamari, doguwar igiyar ƙugiyoyi, a bakin ciyawa inda suke kwanciya. Ƙugiya ɗari biyu. Abin da na cire: ƙurungu huɗu, tarwaɗa biyu, da tsohon takalmin roba.

Da can ni da Ɗangana mun taɓa jawo ramboshin da sai da muka rataye shi a gora muka ɗauka mu biyu, wutsiyarsa tana share ƙasa. Yanzu an tace tabkin da taru mai ido kamar gidan sauro. Uwa da jika duk a kwando ɗaya.

Talata, 24 ga Satumba

Na shiga motar Sule zuwa kasuwar kifi ta Yelwa. Masunci yana sayen kifi, Allah ya kyauta. Na bi rumfa-rumfa har na samu guda da rai wurin wata mata, tsawon damtsena. Na shafa shi. Ramboshi ne, ba tantama. Na zo da shi cikin jarka da aka yanke wa baki.

Ofishinsu yana bayan tasha. Ban bi ta nan ba.

Da na iso gida na sauko da allon, na shimfiɗa a tabarma, na ɗora kifin a faifai kusa da hoton.

Ba su yi daidai ba.

Tsokar ramboshi doguwa ce, tana cin kusan rabin baya. Ta hoton gajeruwa ce, ba ta wuce gaɓar yatsa biyu ba. Gezar hoton kuma ta yi nisa fiye da ta ramboshi kafin ta yanke. Na juya kifin hagu, na juya dama. Na ɗauko tarwaɗar da na kama, na jera su uku. Na hoton yana tsakiya, kamar ya ari rigar wannan ya ari wandon wancan.

Na zuba kowanne a randarsa da ruwa. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 25 ga Satumba

Ba tarwaɗa ba, ba ramboshi ba. Shekara sittin. Kwana goma sha shida suka rage wa Nusaiba.

Alhamis, 26 ga Satumba

Zan rubuta yadda abin ya faru, ba ƙari.

Da hantsi ina durƙushe kan allon, Asabe ta zo wucewa da itace. Ta tsaya a kaina. Ban kore ta ba wannan karon. Ba ta ko dubi kifin ba, gefen hoton ta duba.

"Af. Ai darona ne."

Na ce wane daro?

"Korena mai ɗinki a baki. Ga ɗinkin nan, da wayar da ka ɗaure mini da hannunka."

Na duba. Gefen daro ya fito a hoton, kore, ga wayar.

"Kifin Bitrus ne wannan," ta ce. "Na ramin siminti. Ruwa biyu muke ce masa."

Na ce ta yaya kifin rami ya shiga daronki, a gidana?

Ta ajiye itacen. Ta ce shekara uku ke nan abin da nake kawowa ba ya cika banda ko rabi. Duk mako takan aika a karɓo mata daro guda wurin Bitrus ta haɗa. Ba ta faɗa ba don ta san halina. "Shekara uku kana cin sa a miya kana cewa kifin tabki daban ne."

Na ce to, ko da hakan, yarinyar ce ta ɗauki hoto ba ta tambaya ba.

"Ta tambaya. Da azumi ne, bayan azahar. Kana kwance gindin darbejiya da rediyo a kunne. Ta ɗaga murya daga nan ta ce, Tsoho, wannan fa? Ka ɗago kai daga can ka ce, tarwaɗa ce mana, ba ki da ido? Ka mayar da kai."

Na tuna darbejiyar. Na tuna har shirin da ake yi a rediyon.

Na ce me ya hana ki magana tun ranar?

"An tambaye ni? Da na ce a nuna mini ma, ai ban san bihim ba."

Ta ɗauki itacenta.

Juma'a, 27 ga Satumba

A sahun baya na yi salla. Na fita kafin a gama addu'a.

Taku goma sha biyu ne daga darbejiya zuwa inda daron yake. Na auna.

Asabar, 28 ga Satumba

Na je wurin Bitrus. Bakambare ne, tsohon malamin firamare, gidansa yana kan hanyar Wara. Na sha wucewa ta ƙofarsa ina kau da kai, don a wurina mai kiwon kifi a rami kamar mai kiwon kaji ne, ba masunci ba. Ya tarbe ni da kujera da ruwan sanyi. "Baba Cindo da kansa! Yau kifina za su yi sallar idi."

Ramuka shida na siminti a bayan gida, ruwan baƙi ƙirin da kifi. Ya sa koma ya ɗebo guda ya miƙo mini. Na riƙe. Na bi bayansa da yatsa: geza, geza, geza, sai ta yanke, sai 'yar tsoka. Shi ne. Da na taɓa shi ranar nan da ko cikin barci ba zan ce tarwaɗa ba.

Ya nuna mini yadda ake yin sa. A matse cikin tarwaɗa mace ƙwai ya zubo a kwano. A yanka ramboshi namiji a ciro abin da ke cikinsa a zuba a kai, a gauraya da cokali, a shimfiɗa a ruwa. Kwana ɗaya ko biyu sai ka ga suna motsi. Ya ce yana da saurin girman ubansa da jimirin uwarsa. Na ce, wato da cokali kuke ɗaura musu aure. Ya yi dariya har da buga cinya. Ni ban yi ba.

Na tambayi sunansa. Ya ce waɗanda suka koya masa da Turanci suke kiran sa, amma matan da ke saye su suka raɗa masa ruwa biyu, shi ma haka yake cewa yanzu. Na ce to ba kifin tabki ba ne, bai kamata ya hau allon ba. Ya sosa kai. Ya ce ambaliyar bara ta shafe masa rami guda na ƙasa, duk suka bi ruwa, kuma ba shi kaɗai ke kiwo a gaɓar nan ba. "Baba, suna cikin tabkinku. Wata rana za ka ciro shi a mamari."

Wata ƙila ma na riga na ciro, na jefa a kwando ban shafa ba.

Ya ba ni guda da rai, ya ƙi karɓar komai. Randa uku ke nan.

Talata, 1 ga Oktoba

Bakin mutum biyu bai isa a buga suna sau ɗari biyar ba. Wannan karon ba za a ce daga kwance aka faɗa ba.

Na sa kifin a bokiti na bi masu banda da masu sari, daga tungarmu har kasuwar Wara. Kowace ita kaɗai nake samun ta, don kada ta ji bakin wata. Ba na cewa komai, sai in ce riƙe, shafa, mene ne wannan? Mata tara na tambaya. Takwas sun ce ruwa biyu. Hansatu ta ce ita ɗan Bitrus take ce masa, amma ta san ana cewa ruwa biyu. Na rubuta sunan kowace da tungarta.

Uwani ta riƙe shi ta dube ni ta ce, "Baba, yau kai ke tambaya?" Na ce riƙe dai ki faɗa. Ta faɗa. Ta ƙara da cewa ba ya jure banda kamar na tabki, kitse ya yi masa yawa, sai an rage wuta. Ban san wannan ba.

Tara cikin tara sun san shi. A bakin ruwa kuwa, cikin maza masu jirgi, ba wanda ya taɓa ambatar sa. Mu muna can muna gardamar kifin da ya ƙare, su suna nan suna raɗa wa wanda ya zo suna.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Wasiƙa ta biyu. Ta farko zama ɗaya na yi mata. Wannan takarda huɗu na yaga.

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa. Ni ne Cindo. Wasiƙata ta farko ba gaskiya ba ce. Ni na ce tarwaɗa. Nusaiba ta rubuta abin da ta ji daidai. Na faɗa ne daga nesa ban riƙe kifin ba. Kifin ba tarwaɗa ba ne, ba ramboshi ba ne, haɗinsu ne da ake yi a rami, kuma sunansa a nan ruwa biyu. Ga sunayen mata tara da suka shaida, ga na Malam Bitrus mai kiwon sa. Duk ukun suna gidana da rai ga mai son gani. In akwai wanda za a cire, ni ne. Yarinyar ba ta yi kuskure ba sai na yarda da kakanta."

Akwai gogewa biyu. Na bar su.

Na karanta wa Asabe kafin in liƙe. Ta ce in sake karanta wurin "ba gaskiya ba ce". Na ce ai kin ji. Ta ce kunnenta ne ya tsufa.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na kira Nusaiba sau uku, ba ta ɗauka ba. Asabe ta kira da wayata ɗin nan dai bayan la'asar, ban san yadda aka yi ta gane ba, ta ɗauka. Sun daɗe. Na ji Asabe tana cewa, "Yana nan, yana canja wa 'ya'yansa ruwa."

Talata, 8 ga Oktoba

Na haɗu da Ɗangana yana ɗinkin koma. Na ce masa ba ramboshi ba ne. Bai ɗago ba. Ya ce, "Amma dai ba tarwaɗa ba ta." Na ce kai ma daga hoto ka faɗa, ba ka riƙe ba. Ya ce shi ba a buga sunansa ba.

Na zauna na riƙe masa bakin komar. Can ya ce, "Da cokali, ka ce?" Na ce da cokali. Ya tofar da yawu ya ce gara da iyayenmu suka riga mu tafiya.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Shugaban ya kira da kansa. Ya ce wasiƙar ta isa, Nusaiba tana nan a aikinta. Za su buga 'yar takarda su liƙa a kan lamba sha bakwai, allo ɗari biyar, ɗaya bayan ɗaya, ita za ta liƙa. Layin ƙasa ma za a sake shi: "daga bakin Malam Cindo, da Malama Asabe da matan banda na gaɓar Wara." Sunana ya ragu, don a samu wuri. Asabe ta ce in nuna mata inda nata zai zauna. Na nuna. Ta ce in koya mata harafin farko. Zan duba, in na samu lokaci.

Jibi Asabar za su zo su ga kifin, shi da ita.

Bayan ya gama ya miƙa mata wayar. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Tsoho, kada ka bari su mutu kafin in zo." Ta kashe. Ba wani abu ba ne, na rubuta ne kawai don haka ta ce.

Farfesan dai ya zauna, na ga alama da shi za a binne ni. Ramboshi kuma sai an je Yelwa an saya. Wannan ba wasiƙar da za ta gyara shi.

Na share zaure. Na mayar da allon a ramukan ƙusarsa na da. Na jera daro uku a ƙasansa, koren a tsakiya, kowanne da kwalin da na rubuta da hannuna: Tarwaɗa. Ruwa biyu. Ramboshi. A ƙasan na tsakiya na ƙara layi ɗaya da ƙananan baƙaƙe: "Wannan ne Cindo ya kira tarwaɗa daga kwance." Kwalin ne ya yi fili da yawa.

Gobe bayan masallaci zan tsaya a ƙofa in faɗa da ƙarfi. Jikata ta yi allo, kowa ya zo ya gani ranar Asabar da hantsi. Masu jirgi, masu banda, Bitrus da iyalinsa, mai kwaɗon nan, Ɗangana da mutanensa biyar, duk ku zo. Akwai ruwan wanke hannu a bakin zaure, don ba mai faɗin sunan komai a gidana sai ya naɗe hannun riga ya riƙe.